Gurabe Goma Sha Biyu: Gwanintar Raɗa Wa Dukiya Suna

Duk ƙarshen wata, idan albashi ya shiga, ma'aikacin gwamnati da ke zaune a unguwar Takur ta Dutse ya san an zare masa wani kaso da sunan fansho. Malamin makaranta ne, ko akawu a sakatariyar jiha, ko ma'aikaciyar jinya, duk haka abin yake. Jigawa na cikin jihohin da suka riga kowa fara tsarin fansho na karo-karo, tun farkon shekarun 2000, kafin ma gwamnatin tarayya ta yi tata dokar a 2004. Sai dai kuɗin nan ba a Dutse yake kwana ba, ba kuma kulle shi ake yi a asusu ya jira ranar ritaya ba. Ana miƙa shi ga kamfanonin da ke juya kuɗin fansho, su kuma su sayi takardun lamuni na gwamnati da hannun jarin manyan kamfanoni. Fiye da rabin dukiyar fanshon Najeriya gaba ɗaya a takardun bashin gwamnatin tarayya take zube.

Takardun nan kuwa ba ɗaya ba ne, ba goma ba ne. Kowace da shekarar da za a biya ta, kowace da ribar da aka yanka mata. Wata a naira take, wata a dala. Wata ta kuɗin ruwa ce, wata sukuk. Amma dukkansu sunan mai cin bashin ɗaya ne, Gwamnatin Tarayyar Najeriya. To idan wani a Abuja ya ce ya sayar, wani a Legas ya ce ya saya, na uku kuma yana Landan yana riƙe da lissafi, me zai tabbatar da cewa su ukun abu guda suke nufi?

Duk wanda ya taɓa aiki a ofishin biyan albashi ya san irin wannan matsala. Ka shiga sakatariya ka kira Musa Ibrahim da ƙarfi, ka ga mutum nawa za su waiwayo. A unguwa ana raba su da laƙabi, wannan Musa Dogo, wancan Musa na Hajiya, amma laƙabi iyakarsa inda aka san mutum. Da ya tsallaka Kiyawa ko Birnin Kudu, ya koma Musa Ibrahim kamar kowa. Shi ya sa ofis yake ba kowa lambar fayil. Kasuwannin kuɗi na duniya ma sai da suka nemi tasu lambar fayil ɗin, wadda za a karanta ta a Tokyo a fahimci abin da aka fahimta a Legas. Ita ce ake kira ISIN, kuma ina ganin tana cikin ayyukan hikima da ɗan Adam ya yi ba tare da an yi mata kiɗa ba.

Gurabe goma sha biyu ne, ba ƙari ba ragi. Ga ta hannun jarin kamfanin simintin Dangote: NGDANGCEM008. Gurabe biyu na farko na ƙasa ne. Tara na tsakiya sunan takardar ne a cikin ƙasarta. Na ƙarshe, wanda koyaushe adadi ne, shi ne lambar gadi, zan kuma daɗe a kansa nan gaba.

Haruffan ƙasa ba a ƙirƙire su don kasuwa kaɗai ba. Daga jerin da Hukumar Daidaita Ma'aunai ta Duniya, ISO, ta tsara aka ɗauko su, su ne kuma kake gani a ƙarshen adireshin intanet. Najeriya NG, Nijar NE. Harafi ɗaya tak ya raba Katsina da Maraɗi a wannan lissafi. Hannun jarin Bank of Africa na Nijar, wanda ake cinikinsa a kasuwar BRVM ta Abidjan da ƙasashe takwas masu amfani da sefa suka yi tarayya a kanta, lambarsa NE0000000015. Ka duba bambancin salo. Su can sifili suke jerawa su ƙare da lambar jeri. A Amurka kuwa lambar cikin gida da suke da ita tun da, mai gurabe tara, ita suka ɗora a tsakiya, shi ya sa ta kamfanin Apple ta zama US0378331005. Ingila tata lambar gurabe bakwai ce, sai a cika da sifili biyu a gaba. Tsarin bai tilasta wa kowa ya zubar da abin da ya gada ba, ya dai ce ka kawo naka, a yi masa rawani da harafin ƙasarka, a sa masa gadi a baya. Da an ce kowa ya rushe littattafansa ya sake sabo, da har yau ana gardama.

Najeriya ta zaɓi hanyar da ta burge ni, wato a rubuta sunan kamfanin a cikin guraben nan tara yadda ido zai gane shi. NGZENITHBNK9 ta bankin Zenith ce. NGMTNN000002 ta MTN ce. NGJAIZBANK05 ta bankin Jaiz ce, wanda ya fara aiki a Janairun 2012 da rassa uku a Abuja da Kaduna da Kano, ya kuma shiga kasuwar hannun jari a 2017. Wanda ke raba waɗannan lambobi a ƙasar nan shi ne kamfanin CSCS da ke Legas, ma'ajiyar hannun jarin Najeriya, wanda aka kafa a 1992 ya fara aiki a Afrilun 1997. Kowace ƙasa wakili ɗaya take da shi na wannan aiki, su kuma wakilan suna da ƙungiyarsu mai suna ANNA, wadda aka kafa a birnin Brussels a 1992, take haɗa kan ƙasashe fiye da 100.

Yanzu ga lambar gadi. Ka samu takarda da biro mu yi lissafin tare, don abin ya fi daɗi idan hannunka ne ya fitar da shi.

Da farko ana mayar da kowane harafi adadi. A ita ce 10, B 11, C 12, haka har Z da ke zama 35. Mu ɗauki gurabe goma sha ɗaya na farko na lambar Dangote, mu ajiye 8 ɗin ƙarshe a gefe kamar ba mu san ta ba. N 23, G 16, D 13, A 10, N 23, G 16, C 12, E 14, M 22, sai sifili biyu. Ka jera su a layi ɗaya ba tazara: 23161310231612142200. Alƙaluma ashirin ke nan.

Sai ka faro daga hannun dama. Na farko ka ninka shi biyu, na biyu ka bar shi, na uku ka ninka, na huɗu ka bari, har ka kai ƙarshen hagu. Waɗanda za a ninka su ne 0, 2, 4, 2, 6, 3, 0, 3, 6, 3. Bayan ninki sun koma 0, 4, 8, 4, 12, 6, 0, 6, 12, 6. Duk wanda ya haura tara sai a haɗa alƙalumansa biyu, wato 12 ta zama 1 da 2, ta ba da 3. Ka tara su duka, za ka samu 40. Waɗanda aka bari kuma, 0, 2, 1, 1, 1, 2, 1, 1, 1, 2, sun ba da 12. Jimilla 52. Tambaya ta ƙarshe: nawa ya rage a cika goma ta gaba, wato 60? Takwas. Ga 8 ɗin da muka ajiye ta dawo da ƙafarta.

Amfanin wannan wahala shi ne, a ce ma'aikaci ya gaji da yamma, yatsarsa ta zame, ya buga N a maimakon M, ya rubuta NGDANGCEN008. Kwamfuta za ta yi lissafin nan cikin ƙiftawar ido, jimilla ta fito 54, ta ce lambar gadi ya kamata ta zama 6, ga shi kuma an rubuta 8. Nan take za ta ƙi karɓa. Ba ta buƙatar tambayar Legas ko buɗe wani littafi, lambar da kanta ce ta tona kuskuren da ke jikinta. Wani injiniyan kamfanin IBM haifaffen Jamus, Hans Peter Luhn, shi ya tsara wannan dabara a 1954, tun kwamfuta tana cika ɗaki guda. Kuma tana aljihunka a yanzu haka: adadin ƙarshe na lambar katin ATM ɗinka da wannan lissafi aka fitar da shi. Lambar asusun banki mai alƙaluma goma da Babban Bankin Najeriya ya shigo da ita ma tana da nata gadin a ƙarshe, da wani lissafi na dabam. Idan ka tsaya a rumfar mai POS a bakin titin Takur, ka karanto masa lambar asusu, ya danna, ya ɗago kai ya ce, “Alhaji, sake duba lambar nan, ba ta hau ba,” sau da yawa wannan gadin ne ya tare kuɗinka kafin su tafi gidan da ba a aike su ba.

Dabarar tana da iyakarta, kuma gwanayen aikin sun san da ita. Idan alƙalami ɗaya aka kuskure, ba ya tsere mata. Idan alƙaluma biyu maƙwabta suka yi musayar wuri, tana kama su, in ban da 09 da 90. Amma idan haruffa biyu maƙwabta ne suka sauya wuri, ba ta gani, domin kowane harafi alƙaluma biyu yake zama, musayar ba ta taɓa tsarin ninki. NGADNGCEM008 za ta wuce gadi lafiya lau. Abin da ke tare ta shi ne mataki na biyu: a neme ta a rijista, a tarar babu takarda mai wannan suna. Saboda haka mai aikin kirki ba ya dogara da lissafi kaɗai, sai ya haɗa da duba rijista.

Ba don sha'awa aka ƙirƙiro duk wannan ba, wuya ce ta koyar. A shekarun 1960 a birnin New York, hannun jari takarda ce ta gaske, mai ado da sa hannu, kuma idan an yi ciniki sai ɗan aike ya ɗauke ta a jaka ya kai ofishin wanda ya saya. Ciniki ya bunƙasa, daga kimanin hannun jari miliyan 5 a rana a 1965 zuwa wajen miliyan 12 a 1968. Akawuna suka kasa. Takardu suka yi tsibi, wasu suka ɓace, wasu aka kai su inda ba nasu ba. Abin ya kai ga kasuwar New York, babbar kasuwar hannun jari ta duniya, tana rufe ƙofa duk ranar Laraba a rabin ƙarshe na 1968 don kawai a rage tulin takardu, kuma kamfanonin dillanci da dama suka durƙushe. A wannan yanayi ne lambar Amurka mai gurabe tara, wato CUSIP, ta fara aiki, wadda ƙungiyar bankunan Amurka ta kafa kwamitin tsara ta tun 1964. Ita ISIN ta fito a 1981, amma ba ta samu karɓuwa sosai ba sai bayan da wata ƙungiyar manyan masana harkar kuɗi da ake kira G30 ta ba da shawara a 1989 cewa kowace ƙasa ta rungume ta, shekara biyu bayan faɗuwar kasuwanni ta Oktoban 1987.

Wani zai ce ai kowane kamfani yana da gajeren sunan da ake kiransa da shi a allon kasuwa, me ya sa ba zai wadatar ba? Domin wannan gajeren suna shi ne laƙabin, kowace kasuwa da nata, kuma yana ruɗarwa. A farkon 2020, da annobar korona ta tsare mutane a gida, kowa ya koma taro ta manhajar Zoom, masu saye suka yi ca a kan hannun jari mai laƙabin ZOOM. Ashe na wani ƙaramin kamfani ne dabam da ba shi da alaƙa da manhajar, ita laƙabinta ZM. Farashin ƙaramin ya yi ta hawa ba gaira ba dalili, har hukumar kula da kasuwar Amurka ta dakatar da cinikinsa a watan Maris na shekarar. Kama da wane ba ta wane. Da lambar mai gurabe goma sha biyu aka bi, da ba wanda ya ruɗe.

Inda gwanintar take a wurina ba a lissafin ba ne, domin wannan kwamfuta ta ɗauke. Tana wurin mutanen da ke bayan fage a ma'ajiya, da ofisoshin rijistara, da bankunan da ke riƙe amanar takardu, waɗanda ba a ganinsu a talabijin lokacin da ake buga ƙararrawar rufe kasuwa. Aikinsu yanke hukunci ne a kan tambaya ɗaya mai kamar sauƙi: wannan takarda sabuwa ce, ko kuwa ƙari ce a kan wadda ake da ita? Ma'aunin shi ne, idan za a iya musanya ɗaya da ɗaya ba wanda ya yi asara ko ya ci riba, to abu guda ne, lamba ɗaya za su ɗauka. Idan akwai bambanci ko na kwana ɗaya a ranar biya, ko na ɗigo a riba, ko a haƙƙin mai riƙe da ita, sai an raɗa sabuwa.

Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, DMO, wanda aka kafa a 2000, yana gwanjon takardun lamuni kusan kowane wata. Sau da yawa ba sabuwa yake fitarwa ba, tsohuwa yake sake buɗewa ya ƙara sayarwa da ranar biyanta da ribarta yadda suke. Wanda ya saya yau da wanda ya saya bara, farashin da suka biya ya bambanta, amma takardar ɗaya ce, don haka lambar ba ta sauyawa. A ɗaya gefen kuma, takarda guda tana iya ɗaukar lamba biyu idan doka ta raba ta. Najeriya ta fara cin bashin dala a kasuwar duniya ta wannan hanya a Janairun 2011, dala miliyan 500. Irin waɗannan takardu, kason da ake sayar wa manyan masu zuba jari na Amurka lambarsa da US take farawa, domin dokar can ta ƙayyade wanda zai iya saye. Kason sauran duniya kuma da XS yake farawa. Ba wata ƙasa mai suna XS. Alama ce da aka ware wa takardun da ke ajiye a manyan ma'ajiyoyi biyu na ƙasa da ƙasa, Euroclear a Brussels da Clearstream a Luxembourg. Gwani yana ganin haruffan nan biyu ya san inda takardar take kwance, da hanyar da kuɗinta za su bi.

Haka yake karanta na kamfanoni. Airtel Africa ana cinikin hannun jarinsa a Legas tun 2019, layinsa yana cikin wayoyin mutanen Dutse da yawa, amma lambarsa GB00BKDRYJ47 ce, domin a Ingila aka yi wa kamfanin rijista. Uwar kamfanin Ecobank lambarta TG0000000132, domin a Lome ta ƙasar Togo take, ko da yake ana cinikinta a Legas da Accra da Abidjan. Shi kuwa Seplat, kamfanin man fetur da ya shiga kasuwannin Legas da Landan lokaci guda a 2014, a can ma NGSEPLAT0008 yake amsawa. Wato harafin ba ya faɗin inda ake ciniki, asalin takardar yake faɗa. Don a san kasuwar da aka yi cinikin, akwai wata lamba dabam mai haruffa huɗu, ta Legas XNSA, ta Landan XLON. Akwai kuma wata mai haruffa shida da ke bayyana jinsin takarda, idan ta fara da E hannun jari ne, idan da D bashi ne. Kowace lamba tambaya ɗaya take amsawa, ba ta shiga hurumin 'yar'uwarta. Wannan kamewa ita ce ƙarfin tsarin.

Mutumin Dutse ba sai ya je nesa ba kafin ya ga abin da irin wannan takarda take haifarwa. A Satumban 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, naira biliyan 100, na shekara bakwai, da kuɗin haya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara, aka raba kuɗin ga ayyukan tituna 25 a shiyyoyi shida na ƙasar. Tagwan titin Kano zuwa Maiduguri yana cikin waɗanda suka amfana da kuɗin sukuk, har da ɓangaren Shuwarin zuwa Azare, kuma masu bin hanyar sun ga allunan da aka kafa a gefenta. An sake fitar da wani a 2018, wani a 2020, aka ci gaba. Kowane fitarwa da kuɗin hayarsa da ranar cikarsa, saboda haka kowane da lambarsa. Na 2017 ya cika a 2024, an mayar wa masu shi uwar kuɗinsu, lambarsa ta yi ritaya tare da shi, kuma ƙa'idar masu aikin ita ce ba a ɗaukar lambar da ta mutu a ba wata takarda.

A nan abin ya wuce maganar riba da asara. Mutumin da ya ce shi sukuk yake so domin yana gudun riba ta haram, idan aka yi kuskure aka saya masa takardar kuɗin ruwa, ba aljihunsa kaɗai aka taɓa ba. Dukkansu na gwamnati ɗaya ne, ofis ɗaya ya fitar da su, wani lokaci ma shekara ɗaya za su cika. Abin da ya raba su a cikin na'ura shi ne lambar. Tun 2021 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta buɗe wani asusu na musamman ga ma'aikatan da ba sa son a juya musu kuɗi ta hanyar ruwa. Mai binciken da zai tabbatar an cika wannan alkawari, jerin takardun da aka saya zai ɗauka ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba zai iya ba idan ba kowace tana da sunan da ba ta tarayya da kowa a kansa.

Sai dai kar a ɗora wa lambar abin da ba nata ba. Ba fatawa ba ce, ba ta ce wannan halal ne ko haram. Ba ta kuma yi maka alkawarin riba, kamfani mai lamba yana iya karyewa gobe. Abin da take tabbatarwa shi ne akwai wannan takarda, an san wanda ya fitar da ita, an rubuta sharuɗɗanta a inda za a iya dubawa. Wannan ma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da MMM ta cinye kuɗin jama'a a 2016, CBEX ta sake yin haka a 2025. Idan wani ya zo maka da maganar zuba jari a kasuwar duniya, ka tambaye shi wace takarda ce za a saya, mene ne lambarta, a wace ma'ajiya za a ajiye ta da sunanka, kuma ko Hukumar Kula da Kasuwar Hannun Jari, SEC, ta yi masa rijista. Dillalin gaskiya amsar tana bakinsa.

Akwai kuma ƙorafi na gaskiya a kan wanda ya mallaki lambobin. A Amurka sana'a ce mai tsoka. Kamfanin S&P ya daɗe yana gudanar da CUSIP yana karɓar kuɗin lasisi daga masu amfani da bayanan, har Hukumar Tarayyar Turai ta sa shi ya rage a 2011, kuma a 2022 kamfanin FactSet ya sayi harkar a kan kusan dala biliyan 2. A ganina sunan da kowa ya dogara da shi bai kamata ya yi tsadar da za ta hana ƙaramin dillali amfani da shi ba.

Raɗa wa takarda suna rabin aiki ne, sauran rabin shi ne sanin mai ita. Duniya ta koyi wannan a Satumban 2008, da bankin Lehman Brothers ya faɗi, bankuna suka kwashe makonni suna laluben nawa suke bin sa, domin yana da ɗaruruwan rassa kowane da sunansa. Daga nan aka fito da lambar LEI mai gurabe ashirin don tantance kamfanoni, CSCS ma yana ba da ita. Mu namu darasin a gida muka koye shi. Bayan da Farfesa Charles Soludo, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya umarci bankuna a 2004 su kai jarinsu naira biliyan 25, sai aka shiga guguwar sayar da hannun jari. Ma'aikata da 'yan kasuwa a Arewa sun saya sosai. Wasu don su samu kaso mai yawa suka cike fom da sunaye iri-iri, yau Sani Musa, gobe Musa Sani, jibi Muhammad S. Musa, wasu da sunan jariri ko adireshin ofishin da suka daɗe da bari. Kasuwa ta faɗi a 2008, mutane suka yi fushi suka jefa satifiket a akwati. Kamfanonin da suka rayu kuwa sun ci gaba da raba riba, ba a san wanda za a ba ba. A 2023 SEC ta ce ribar da ba a karɓa ba ta kai kimanin naira biliyan 190. Takardun ba su ɓace ba, kowace tana nan da lambarta. Masu su ne suka ɓace wa rijista. Maganin da aka kawo shi ne lambar CHN, wadda CSCS ke ba kowane mai zuba jari, a haɗa ta da BVN, a kuma cike fom ɗin da zai sa riba ta riƙa faɗawa asusun banki kai tsaye, tsarin da aka ƙaddamar a 2015.

Aiki mafi wuya ga gwanayen nan shi ne bin sawun takarda idan kamfani ya sauya kama. Bankin GT a da lambarsa NGGUARANTY06 ce, da ya koma ƙarƙashin uwar kamfani a 2021 aka soke ta, masu hannun jari suka wayi gari da NGGTCO000002. Bankin Unity ya samu ne a 2006 daga haɗewar bankuna tara, ciki har da Bank of the North. Kamfanin simintin Sakkwato, CCNN, wanda aka kafa tun 1962, ya haɗe da wasu ya zama BUA Cement, aka sa shi a kasuwa a Janairun 2020. A kowane irin wannan sauyi sai an zauna an ƙulla tsohuwar lamba da sabuwa, an rubuta ranar da sauyin ya fara aiki da adadin sabon hannun jari da kowane tsoho zai koma, sannan a bi asusu dubbai a gyara ba tare da an tauye wa kowa ko guda ɗaya ba.

Saboda wannan ƙullin ne tsohon satifiket bai zama shara ba. A ce magada a Takur sun buɗe akwatin mahaifinsu sun tarar da takardar CCNN, ta yi ja don tsufa, da sa hannun sakataren kamfani da hatimi a ƙasa. Kamfanin da ke rubuce a kanta babu shi a allon kasuwa yau. Abin da za su yi shi ne su samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, su je wurin dillali mai rijista, a Kano akwai su, domin kasuwar hannun jari tana da reshe a can tun 1989. Dillali zai buɗe musu asusu a CSCS, ya tura takardun ga rijistaran kamfanin. Shi kuma rijistara zai nemo sunan marigayin a tsohon littafi, ya gwada sa hannu da lambar satifiket, ya bi ƙullin daga CCNN zuwa BUA Cement, ya lissafa abin da hannun jarin ya koma da ribar da ta taru, sannan a zuba hannun jarin a asusun magadan, ribar kuma a tura ta banki.